Wanda Ya Rufe Ƙofa Ya Buɗe Rumbu: Darasin Kullen Kano Na 1441 (2020)

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako muna so mu koma da ku baya zuwa wani lokaci wanda da yawa daga cikinmu ba su son a tuna musu da shi, watau kwanakin da aka rufe birnin Kano saboda annobar korona. Tun ranar 5 ga Mayu, 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa cutar ta daina zama abin gaggawa ga duniya. Kasuwanni sun cika kamar da, sahun masallatai ya haɗu, takunkumin fuska ya koma cikin tarkacen ɗaki. To, yanzu ne lokacin maganar, domin zukata sun huce, kuma Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Annoba ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A 1918 wata mura mai tsanani ta shigo ta gaɓar Ikko, ta biyo hanyar jirgin ƙasa har Arewa, masu binciken tarihi kuwa sun ƙiyasta ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya. A 1996 sanƙarau ya ɗebi dubban rayuka a jihohin Arewa. Wanda ya ga waɗannan ba zai ce korona ce ta ƙarshe ba.

Abin da muke so mu tabbatar guda ɗaya ne. Shari'a ta yarda hukuma ta tsare mutane a gidajensu sa'ad da annoba ta sauka, amma duk wanda ya rufe wa talaka ƙofar neman abinci, to, cinsa da shansa sun hau kansa. A 2020 mun cika sharaɗin farko, mun gaza a na biyu, kuma gazawar ba ta Gwamnati kaɗai ba ce.

YADDA ABIN YA FARU

Cutar ta fara bayyana a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba na 2019. Ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya shigo da ita Nijeriya, wani mutumin Italiya da ya sauka a Ikko. A daidai wannan lokaci Sa'udiyya ta dakatar da shigar masu Umura daga ƙasashen waje, a tsakiyar Maris kuma ta dakatar da sallar jam'i da ta Juma'a a masallatan ƙasar, in ban da Harami biyu. Gwamnatin Tarayya ta umurci ƙananan ma'aikatanta, daga mataki na 12 zuwa ƙasa, su zauna gida. Aka rufe makarantu. Ranar 30 ga Maris da dare dokar kulle ta fara aiki a Ikko da Abuja, Ogun kuma ta biyo baya bayan 'yan kwanaki, bisa umurnin Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari.

A Kano kuwa, ranar 11 ga Afrilu aka ba da labarin mutum na farko da ya kamu. Gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya sa dokar kulle ta mako guda daga daren 16 ga Afrilu, a ƙarshen watan Sha'aban ke nan. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu mutane suna tsare. Ranar 27 ga wata Shugaban Ƙasa ya ƙara wa Kano kulle na mako biyu, daga baya aka sake ƙarawa. A farkon Mayu aka ba jama'a damar fita ranar Litinin da Alhamis, daga ƙarfe 10 na safe zuwa ƙarfe 4 na yamma, don sayen abinci. Ba a janye dokar gaba ɗaya ba sai a farkon watan Yuli.

Kada wani ya ce cutar ba ta taɓa mu ba. A cikin Afrilun nan masu haƙar kabari ne suka fara ɗaga murya, suna cewa gawawwakin da ake kawowa sun wuce abin da suka saba gani. Kowa a birni ya san gidan da aka yi rashin dattijo. Malamai, da alƙalai, da malaman jami'a, da tsofaffin ma'aikata, da attajirai, suka yi ta tafiya a jere, a daidai lokacin da ɗakin gwajin cutar na Kano ya tsaya da aiki na kwanaki. A watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon binciken da aka yi, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi 8 na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na mace-macen ana jin korona ce sanadinsu ko ta taimaka, akasari ga tsofaffi masu fama da wata cuta tun da fari. Allah Ya jiƙansu da rahama.

HUKUNCIN KULLE A SHARI'A

A kwanakin nan an ji waɗansu suna cewa hana fita da rufe masallaci baƙon abu ne da aka kwaso daga Turawa. Wannan magana ba ta da tushe ga wanda ya buɗe littafi. Ya tabbata daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana mutanen garin fita don gudunta. Ya hana a haɗa raƙuma marasa lafiya da lafiyayyu a mashaya ɗaya. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa yadda Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya ga wata mai kuturta tana ɗawafi, ya nemi ta zauna a gidanta don kada ta cutar da mutane. Abdullahi ɗan Abbas kuwa ya taɓa umurtar ladaninsa, a wata Juma'a da aka yi ruwa mai yawa, ya sanar da mutane su yi salla a gidajensu. Duk ɗalibin da ya kai Muhtasar ya san Shehu Halilu ya lissafa uzurorin barin Juma'a da jam'i, a ciki akwai ruwa mai tsanani, da taɓo, da kuturta, da rashin lafiya, da jinyar mara lafiya, da tsoro, har da cin tafarnuwa. In warin tafarnuwa ya isa ya tsayar da mutum daga sahu saboda cutar da na kusa da shi, ina ga numfashin da zai iya kai dattijo kushewa?

Ga kuma labarin annobar Amwas, wadda ta sauka a ƙasar Sham a zamanin Sayyidina Umar. Ya fito daga Madina zai tafi Sham, ya kai wani wuri da ake kira Sarag, sai shugabannin runduna suka tarye shi da labarin annobar. Bai yanke hukunci shi kaɗai ba. Ya kira Muhajirai ya shawarce su suka saɓa, ya kira Ansaru su ma suka saɓa, sa'an nan ya kira dattawan Ƙuraishawa, suka haɗu a kan ya koma da jama'a. Abu Ubaida ɗan Jarrah ya ga kamar wannan gudun ƙaddara ne. Sayyidina Umar ya ba shi misali da makiyayi wanda ya sami kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe, ya nuna masa cewa duk gefen da makiyayin ya kora raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya kora su. Ana cikin haka Abdurrahman ɗan Aufu ya iso da hadisin da muka ambata, aka juya. Annobar ta ci mutum wajen 25,000, cikinsu har da Abu Ubaida kansa da Mu'azu ɗan Jabal. Da al'amari ya koma hannun Amru ɗan Asi, sai ya umurci mutane su warwatsu cikin duwatsu, su daina cunkuso, daga nan Allah Ya ɗauke ta.

Masu cewa a taru a yi addu'a ko ana annoba, su saurari Hafizu Ibnu Hajar, mai sharhin Buhari, wanda shi kansa annoba ta ɗauke masa 'ya'ya mata. A littafinsa Bazlul Ma'un ya ba da labarin annobar Alƙahira ta shekara ta 833 bayan Hijira. Masu mutuwa a rana ba su kai 40 ba, sai aka yi shela mutane suka yi azumin kwana uku, suka fita bayan gari suka taru suka yi addu'a. Kafin watan ya ƙare masu mutuwa a kowace rana sun haura 1,000. Addu'a ibada ce, babu mai jayayya, amma Allah Yana jin ta daga cikin ɗaki kamar yadda Yake jin ta daga fili.

Saboda haka hukumar da ta taƙaita zirga-zirga ba ta saɓa wa addini ba, domin tsare rai yana cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo don kiyaye su. Ko aikin Hajji, wanda mutum wajen miliyan biyu da rabi suka yi a 2019, a 2020 'yan kaɗan ne daga mazauna Sa'udiyya suka yi shi, babu alhaji ko ɗaya da ya tashi daga Nijeriya.

RAYUWA A BAYAN ƘOFA

To, amma dokar da aka karanta a rediyo iri ɗaya ce, gidajen da ta faɗa wa kuwa ba iri ɗaya ba ne. Ma'aikacin Gwamnati ya zauna gida, ƙarshen wata albashinsa ya shiga. Babban ɗan kasuwa ya rufe shago a Kantin Kwari ko Sabon Gari, ya yi asara, amma akwai buhu a sito. Sauran jama'a fa? Mafi yawan mutanen birni hannu baka hannu ƙwarya suke. Ɗan dako a Singa, da mai a-daidaita-sahu wanda kullum sai ya kai wa mai keke kuɗin ranar, da ɗan ga-ruwa, da mai shayi, da mai wankin hula, da lebura a bakin titi yana jiran mai gini, da bazawarar da ke soya ƙosai tana ciyar da marayu, duk waɗannan abincin darensu yana cikin fitar safiyarsu. Ranar da ba a fita ba, ba a ɗora tukunya ba.

An ce a riƙa wanke hannu da sabulu a kai a kai, alhali a unguwanni da yawa ruwan ma sai an saya a jarka, mai turo kurar kuwa an hana shi fita. An ce a ba da tazara, alhali gidan haya ɗaya yana ɗauke da iyali biyar ko shida, banɗaki ɗaya, tsakar gida ɗaya, ga zafin bazara, ga rashin wuta. An ce mara lafiya ya kira lambar waya ya jira, alhali mai hawan jini da mai ciwon sukari da mace mai naƙuda ba su da lokacin jira, asibitoci masu zaman kansu da dama kuwa sun rufe ko sun rage aiki don tsoro, tun da ma'aikatansu ba su da kayan kariya. Ranakun da aka ware don cefane su ma sun zo da tasu matsalar. Birni mai miliyoyin mutane aka ba shi awa shida, sau biyu a mako, sai kowa ya fito lokaci guda, aka yi cunkuson da ya fi na ranakun da ba doka.

Ba za mu manta da wani dare a goman farko na azumin ba. Bayan mun yi asham da iyali a gida, sai muka ji sallama a ƙofar zaure a hankali. Wani magidanci ne maƙwabci, mai sana'ar ɗinki, wanda shekara da shekaru ba mu taɓa jin ya roƙi kowa ko allura ba. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi lafiyar yara, ya tambayi hukuncin wanda ya sha ruwa da mantuwa, alhali ya san hukuncin. Sai da ya miƙe zai tafi ya ce, "Allah gafarta Malam, yara dai da ruwa suka buɗe baki yau." Ya faɗi haka kansa a sunkuye. Irin wannan mutum sunansa ba ya cikin wata takardar Gwamnati, ba kuma zai shiga layin rabon abinci a gan shi ba. Su ne masu kamun kai waɗanda Alƙur'ani ya ja hankalinmu gare su, waɗanda wanda bai san halinsu ba zai ɗauka mawadata ne.

Haka nan almajirai. Gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mayar da kowane yaro jiharsa ta asali, aka yi ta lodinsu a motoci a tsakiyar annoba, a daidai lokacin da aka hana kowa ƙetare iyakar jiha. Da aka gwada waɗanda aka kai Kaduna da Jigawa, an sami da dama suna ɗauke da cutar. Gyaran karatun allo magana ce mai zaman kanta, kuma tana bukatar a yi ta. Amma kwashe yara daga garin da annoba ta sauka a watsa su ƙauyuka ya ci karo da hadisin nan da aka kafa hujjar kulle da shi.

SHEKARAR TOKA

A nan ne ya kamata mu koma ga Sayyidina Umar, domin mun ɗauki rabin darasinsa mun bar rabi. Mafi yawan malaman tarihi sun sanya annobar Amwas a shekara ta 18 bayan Hijira, kuma a cikin wannan shekara ce fari mai tsanani ya auka wa Hijaz, wanda ake kira Shekarar Ramada, watau shekarar toka, saboda yadda ƙasa ta ƙone iska tana tashi da ita kamar toka. Mutanen karkara suka yi ta kwararowa Madina. Halifa ya rubuta wa gwamnoninsa na larduna yana neman agaji, ayarin raƙuma ɗauke da abinci suka yi ta isowa. Ya naɗa mutane sanannu, kowa da ɓangaren garin da yake kula da shi, su ƙirga mabukata, su raba abinci, da dare su taru wurinsa su ba shi labari. Waɗanda ba su iya zuwa wurin cin abinci ba, marasa lafiya da mata da yara, a kai musu har inda suke. Ya jinkirta karɓar zakka a shekarar, bai kuma zartar da haddin sata a kan wanda yunwa ta tura ba. Shi kansa ya haramta wa kansa nama da man shanu har sai jama'a sun samu, ya dawwama a kan gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya sauya. An ruwaito kuma ya yi niyyar, in abin da ke baitulmali ya ƙare, ya haɗa wa kowane gida mai hali mabukata daidai yawan mutanen gidan, domin rabin ciki ba ya kashe mutum.

Mutumin da ya rufe hanyar Sham shi ne mutumin da ya buɗe rumbun Madina. Malamanmu na ƙasar nan ma ba su bar wannan ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Usulus Siyasa, ya sanya cikin wajiban shugaba ya kwaɗaitar da talakawansa noma da tanadin abinci saboda gaba.

Mu auna 2020 da wannan ma'auni. Ba za mu ce ba a yi kome ba. Gwamnatin Tarayya ta ba da umurnin fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbunanta. An biya Naira 20,000 ga gidajen da ke cikin rajistar matalauta, aka kuma ce a faɗaɗa rajistar daga gida miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6. Manyan attajirai da bankuna sun haɗa gudummawa mai yawa. Amma gida miliyan 3.6 a ƙasar da mutanenta suka kai wajen miliyan 200 kamar ɗigon ruwa ne a kan tandu mai zafi. Abin da ya fi ciwo shi ne abin da ya bayyana a watan Oktoba na shekarar, sa'ad da jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a Ikko da Jos da Kaduna da waɗansu garuruwa, suka tarar da kayan tallafin korona jibge. Hukumomi sun ba da uzurinsu, waɗansu suka ce ana jiran kammala karɓa ne, waɗansu suka ce tanadi ne don dawowar cutar. Ba mu halatta wa kowa wawaso ba, haramun ne. Amma abincin da aka tara don mai yunwar Afrilu, in ya kai Oktoba a sito, bai yi aikinsa ba.

AMANA ITA CE JARIN HUKUMA

Dokar lafiya ba ta tsayuwa da bulala. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ba da rahoton cewa a mako biyun farko na kulle jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta doka, adadin da ya fi na waɗanda cutar ta kashe a ƙasar a lokacin. A hanyoyin da aka ce an rufe, kowa ya san mai abin miƙawa yana wucewa. Sa'ad da aka yi jana'izar Shugaban Ma'aikatan Fadar Shugaban Ƙasa, Malam Abba Kyari, a Abuja ranar 18 ga Afrilu, Allah Ya gafarta masa, jama'a sun ga manya a cakuɗe a talabijin, kwana ɗaya bayan an kama limami a Kano saboda ya yi Juma'a. Talaka yana ganin wannan sai ya ce dokar tasa ce shi kaɗai.

Mutanen Kano kuwa suna da tsohon miki. A lokacin sanƙarau na 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, maganar da ta kai ga shari'a ta shekaru. Wannan yana cikin abin da ya sa jita-jita ta sami wurin zama a 2003, har aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar sai 2004. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma a duba yadda aka gyara wancan: an koma ga sarakuna, da hakimai, da dagatai, da masu unguwa, da limamai, aka bi gida gida ana bayani, har a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Hanyar da aka bi aka kai ɗigon rigakafi bakin kowane yaro, ita ce ya kamata a bi a kai mudun hatsi kowane gida.

Mu malamai ma muna da namu kason na laifi, kuma ba za mu ɓoye ba. Kanmu ya rabu a gaban jama'a. Wani ya hau mumbari ya ce babu cutar, bai taɓa shiga ɗakin marasa lafiya ba. Wani ya goyi bayan rufe masallaci, amma bai buɗe baki ya tuna wa hukuma haƙƙin mayunwata ba. Fatawa a kan cuta tana bukatar likita ya faɗi yadda cutar take, malami ya faɗi hukunci. Wanda ya tsallake likita ya yi magana ba da ilmi ba, wanda kuma ya karanta wa talaka babin biyayya ya tsallake babin haƙƙinsa ya tauye amana.

GARE KU 'YAN KASUWA DA MA'AIKATA

Ya kai Alhaji mai shago, kwanakin kulle sun nuna mutum biyu a kasuwa. Akwai wanda ya ci gaba da biyan yaran shagonsa ƙofa tana rufe, ya yafe wa masu haya kuɗin wata, ya aika da buhu unguwa da dare ba wanda ya sani. Allah Ya san su, Ya saka musu. Akwai kuma wanda ya ga tsoro a idon jama'a ya ɓoye shinkafa da sukari, ya jira azumi ya ninka kuɗi. Ɓoye abinci lokacin ƙunci don ya yi tsada shi ne ihtikari, Manzon Allah ya kira mai yin sa mai saɓo, malamai kuma sun ce hukuma tana da ikon tilasta masa ya fito da shi ya sayar. Shawararmu ita ce kowace ƙungiyar kasuwa, daga Dawanau har Kurmi, ta rubuta sunayen 'yan dakonta da masu gadinta da masu tura baro tun yanzu, ta kuma buɗe asusu na musamman wanda ba a taɓa shi sai ranar da aka rufe kasuwa. A sani kuma mazhabarmu ta yarda a gabatar da zakkar kuɗi da ɗan lokaci kaɗan, kamar wata guda, kafin shekara ta cika, in bukata ta taso.

Ya kai ma'aikaci, kai ne hannun da doka take bi ta isa ga jama'a. Albashin da ka karɓa kana zaune a gida daga dukiyar al'umma ya fito, cikinta har da harajin mai shayin da aka hana fita. In an ba ka lissafin mabukata, kada ka cika shi da 'yan'uwanka da 'yan jam'iyyarku. In mabuɗin sito yana hannunka, ka sani kowane dare da buhu ya kwana a ciki alhali an san mai shi, za a tambaye ka. In kana cikin masu rubuta wa Gwamna shawara, ka sa masa a shafin farko cewa kafin a faɗi ranar rufe gari a faɗi ranar rabon abinci, a bar masu ruwa da masu magani da masu kayan gwari su yi aiki, a buɗe ƙananan kasuwannin unguwa kullum a madadin tara gari a wuri guda, a kuma ba ma'aikatan asibiti kayan kariya kafin a ce su tsaya bakin aiki.

Limamai da masu unguwa kuwa, ku ne kuka san gidan da hayaƙi bai tashi ba. Kowane masallacin hamsu salawati yana iya sanin gidaje arba'in da ke kewaye da shi: ina tsoho, ina bazawara, ina mai ciwon da ba ya rabuwa da magani, ina mai kamun kai irin maƙwabcin nan namu. Wannan aiki ba ya bukatar kasafin kuɗi ko izinin kowa, littafi ɗaya da alƙalami sun isa, kuma ana iya fara shi bayan sallar Asuba ta gobe.

Muna roƙon Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a wannan annoba, Ya saka wa likitoci da masu jinya da masu haƙar kabari da alheri, Ya ba shugabanninmu tausayin talakawansu, Ya kare mu daga annoba da yunwa da tsadar rayuwa. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, Allah Shi ne Mafi sani.